Tarihin Makullin Kasuwanci: Daga Sarkin Ƙofa Zuwa Lambar Sirrin POS

Darasin yau zai fara ne da tarihi, amma ka daure ka karanta har ƙarshe, domin a ƙasa akwai abubuwan da ya kamata ka gyara a wayarka yau ɗin nan.

Bari mu fara da tambaya. Idan kana da shago, ko kana sana'ar POS, ko kana sayen hatsi kana biya ta tiransifa a kasuwannin Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa, mutum nawa ne suka san lambar sirrin da kake fitar da kuɗi da ita? Ƙirga da kyau. Kai ɗaya, yaron shago biyu, ƙaninka da ke riƙe maka wuri ranar kasuwa uku. To yaron da ya bar aiki bara fa? Ka canza lambar bayan tafiyarsa?

Bankuna da manyan kamfanoni suna kashe maƙudan kuɗi a kan wannan matsalar. Suna da manhajoji na musamman da ake kira IAM a taƙaice, wato tsarin tantance mutum da iyakance masa inda zai taɓa. Duk girman manhajar, tambayoyi huɗu take amsawa:

1. Wane ne kai?
2. Wace ƙofa aka yarda ka shiga?
3. Da ka shiga, me ka yi?
4. Ran da ka bar aiki, wa zai karɓe makullin?

Waɗannan tambayoyi sun girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Kakanninmu sun daɗe da amsa su, kuma in ka ga yadda suka yi, manhajar ba za ta ba ka wahalar fahimta ba.

KAFIN ZUWAN KWAMFUTA

Birnin Katsina yana da ganuwa da ƙofofi, irin su Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi. Ƙofa tana da mai tsaronta, Sarkin Ƙofa. Da dare a rufe, da safe a buɗe, baƙo kuma sai an san daga ina yake, wurin wa ya zo. Ka ga tambaya ta ɗaya ke nan.

Sai ka lura da wani abu a tsarin sarauta. Ma'aji shi ke riƙe da dukiya, magatakarda shi ke rubutu, Sarkin Ƙofa ƙofa ce tasa. Ikon yana tare da rawanin. Ran da aka tuɓe mutum, makulli ya koma hannun wanda aka naɗa. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

A harkar fatauci kuwa, tsarin maigida da dillali ne ya riƙe komai. Falke ya taso daga ƙasar Hausa da shanu ko ya je sayen goro, ya sauka a garin da ba wanda ya san shi. Wa zai sayar masa bashi? Wa zai saya a hannunsa ba tare da tsoron kayan sata ba? Sai ya sauka gidan maigida, wanda a wasu wurare ake kira fatoma. Maigidan ya ba shi masauki, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, sannan ya tsaya masa. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya rubuta yadda ake sayar wa mahauta shanu bashi ba takarda ba sa hannu, maigida ne jingina. Mahaucin da ya ƙi biya, sai a daina sayar masa har ya biya. Wato an rufe masa ƙofa.

A gidan maigida ma kowa da iyakarsa. Yaron da ke kai baƙi kasuwa daban, mai rubuta lissafi daban, inda ake ajiye kuɗi kuma ba kowa ke shiga ba.

Har gobe wannan tsari na nan a kasuwar dabbobi ta Sheme a ƙaramar hukumar Faskari da sauran kasuwanninmu. Baƙo ba ya shigo da sa ya sayar haka kawai, sai da dillalin da ya san shi, wanda za a nema in magana ta taso. La'adar da kake biya, wani ɓangarenta kuɗin tantancewa ne.

ZAMANIN TAKARDA DA DANGWALE

Da Turawa suka zo, sai shaida ta fara komawa kan takarda. A zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, aka kafa baitulmali, aka shiga rubuta shige da ficen kuɗi a littafi. Wanda bai iya sa hannu ba ya dangwala yatsa. Tambayi dattawan gidanku, za su gaya maka yadda takardar haraji ta zama kamar katin shaida, matafiyi ba ya rabuwa da ita. A 1979 gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta har zuwa 1987.

Takarda ta kawo sauƙi ɗaya: wanda bai taɓa ganinka ba zai iya yarda da kai. Ta kuma kawo matsala ɗaya: ana iya ƙirƙirar ta bogi, ana iya sace ta. Wannan matsalar ce ta bi mu har cikin waya.

YADDA KWAMFUTA TA SAMU MAKULLI

Yanzu mu leƙa Amurka, inda kalmar sirri ta kwamfuta ta samo asali. A 1961, a jami'ar MIT, akwai wata babbar kwamfuta da mutane da yawa ke amfani da ita lokaci guda. Shugaban aikin, Fernando Corbató, ya ba kowa kalmar sirrinsa don kada wani ya shiga fayil ɗin wani. Ba a daɗe ba, a 1962, wani ɗalibi mai suna Allan Scherr, da awannin da aka ware masa ba su ishe shi ba, ya sa kwamfutar ta buga masa jerin kalmomin sirrin kowa a takarda. Ka ga satar kalmar sirri ta farko da aka sani, ɗan gida ne ya yi ta. Da ɗan gari akan ci gari.

Da kamfanoni suka cika da kwamfutoci, sai ciwon kai ya ƙaru. Ma'aikata dubu, kowa da abin da ya kamata ya gani da wanda bai kamata ba. A 1992 wasu masana biyu na hukumar ƙa'idoji ta Amurka, David Ferraiolo da Richard Kuhn, suka tsara mafita: a daina ba mutum izini da sunansa, a rataya izinin a kan muƙami. Kashiya yana da nasa, manaja yana da nasa, mai binciken lissafi yana da nasa. Aka ɗauke ka kashiya, ka gaji izinin kashiya. Aka canza maka aiki, izinin ya bar ka. Ka tuna maganar rawani da makulli? To ita ce dai.

A shekarar 2000 kamfanin Microsoft ya fitar da Active Directory, wani kundi guda da ke riƙe da sunan kowane ma'aikaci da ƙofofin da aka buɗe masa. Da aiki ya koma kan intanet, sai kamfanoni irin su Okta, wanda aka kafa a 2009, suka mai da wannan tantancewa sana'arsu. Ma'aikaci ya shiga sau ɗaya da safe, duk manhajojin aikinsa su buɗe. Ran da aka sallame shi, a rufe wuri ɗaya, duk su rufe.

Shi ya sa in ka je banki cire kuɗi masu yawa, za ka ga kashiya ya dakata yana jiran wani ya amince daga nasa teburin. Ba rashin yarda da kai ba ne. Manhajar ce ta hana mutum ɗaya ya shigar da ciniki kuma ya amince da shi da kansa.

YADDA ABIN YA ISO GIDA

Wayar salula ta fara aiki a Najeriya a watan Agusta 2001. A lokacin in ka je sayen layi, ba wanda ke tambayar sunanka. A 2007 aka yi dokar kafa hukumar NIMC mai ba da lambar ɗan ƙasa, NIN. A 2011 hukumar sadarwa ta NCC ta fara rajistar layuka da hoto da yatsa. A 2013 Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idojin wakilan banki, wanda shi ne tushen sana'ar POS da ta cika kasuwanninmu yanzu.

Babban sauyi ya zo ranar 14 ga Fabrairu 2014, da aka ƙaddamar da BVN. Lamba 11 ce, an ɗaure ta da yatsunka da fuskarka, kuma duk bankin da ka je ita ce dai. Kafin nan mutum ɗaya zai iya riƙe asusu biyar da suna biyar. Amfaninta ya fito da wuri: a farkon 2016 ma'aikatar kuɗi ta tarayya ta sanar da cire ma'aikatan bogi sama da 23,000 daga jerin masu karɓar albashi, bayan an gwada sunaye da BVN.

Daga nan sai su OPay, Moniepoint da PalmPay suka shigo tsakanin 2018 da 2019, suka kai na'ura garuruwan da ba reshen banki ko ɗaya. Mai POS ya zama bankin unguwa. In ka duba da kyau, kujerar maigidan da ce ya hau: shi ya san ka, shi na'ura ta sani.

SHEKARUN DA YANKINMU YA GANE KARATUN

Mutanen Ƙanƙara ba za su manta da Disambar 2020 ba, watan da aka sace ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta garin, ranar 11 ga wata. A cikin watan ne kuma gwamnatin tarayya ta ba da umarnin a haɗa kowane layi da NIN, tana mai kafa hujja da tsaro. Aka yi ta dogon layi a wuraren rajista, aka yi ta ƙara wa'adi.

A ƙarshen Agusta 2021 gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, aka kuma hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme. A watan Satumba aka katse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 13, waɗannan ukun na ciki. Aka shafe watanni a haka.

Kai da ka rayu a lokacin ka fi kowa sanin yadda aka yi. Kuɗinka na cikin asusu, na'ura na hannunka, amma ba ta iya tambayar banki ko kai ne. Ba alat, ba lambar OTP, ba tiransifa. Sai ka yi doguwar tafiya zuwa inda ake samun sabis. Darasin da ya fito fili shi ne, shaidarka ta bar gari. Da tana bakin dillali da mai unguwa, yanzu tana cikin wata kwamfuta mai nisa, kuma layin wayarka ne igiyar da ta haɗa ku.

Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya ƙara tura mutane. Mai kayan miya, mai shayi, mai sayar da masara tiya-tiya, kowa ya buɗe asusu dole. Daga nan hukuma ta shiga ɗaure zare. A Disambar 2023 Babban Banki ya ce ko ƙaramin asusu sai da BVN ko NIN. A Afrilun 2024 aka dakatar da OPay, PalmPay, Kuda da Moniepoint daga ɗaukar sababbin kwastomomi har zuwa watan Yuni, a kan batun tantance masu asusu. A shekarar ce aka ce masu POS su yi rajista da hukumar CAC, aka kuma rufe layukan da ba a haɗa da NIN ba.

GIƁIN DA YA RAGE

To ka ga gwamnati da bankuna sun amsa tambaya ta ɗaya, sun san wane ne kai. Sauran ukun fa? Waɗannan a cikin shagonka suke, ba mai amsa maka su.

A yawancin shagunanmu waya ɗaya ce, layi ɗaya, lambar sirri ɗaya, hannu huɗu ko biyar. A wurin banki duk wanda ya danna lambar nan kai ne. In kuɗi suka yi ƙafa, rajista sunanka za ta nuna. Ba za ka iya cewa wane ne ya yi ba, sai zargi ya hau kan kowa, har da yaron da bai ci ba bai sha ba. Zumunci nawa ya lalace a haka?

Kada ka ɗauka ƙananan 'yan kasuwa ne kaɗai ke wannan sakaci. A watan Mayu 2021 'yan kutse suka shiga kamfanin Colonial Pipeline, mai bututun man da ke ciyar da gabashin Amurka. Aka rufe bututun na kwanaki, gidajen mai suka ƙafe, kamfanin ya biya fansar kusan dala miliyan 4.4. Ta ina suka shiga? Ta wani tsohon akawun da aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba, kuma kalmar sirri kaɗai ke tsaron sa, babu mataki na biyu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tambaya ta huɗu ce suka manta, irin wadda muka yi maka a kan yaron da ya bar aiki bara.

ABIN DA ZA KA YI YAU

Ba sai ka sayi manhaja mai tsada ba. Wayar hannunka ta isa.

1. Rubuta ƙofofinka. Ɗauki biro ka jera: asusun banki, na'urar POS, WhatsApp na kasuwanci, shafin Facebook, imel, layin da ke karɓar alat. Gaban kowanne ka rubuta sunan duk wanda ya san hanyar shiga. Kada ka rubuta lambobin sirrin kansu.

2. Raba asusu biyu. Wanda yara ke karɓar ciniki da shi daban, wanda jari ke kwana a ciki daban. Kullum da yamma ka kwashe. Lambar na biyun kai kaɗai.

3. Kowa da makullinsa. Tambayi bankinka ko kamfanin POS ɗinka ko manhajarsu tana ba da damar ƙara ma'aikaci mai nasa izinin, wanda zai ga shigowar kuɗi amma ba zai iya fitarwa ba. In akwai, kunna. Ka kuma rage iyakar abin da za a iya turawa a rana.

4. Shafin Facebook. Kada ka ba mai yi maka talla kalmar sirrinka. A cikin setin ɗin shafi akwai wurin ƙara mutum da nasa akawun, ka ba shi damar yin rubutu da amsa saƙo kawai, cikakken iko ya zauna a hannunka.

5. WhatsApp. Shiga setin, sai akawun, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka sa imel ɗin da kake iya buɗewa. Sannan duba jerin na'urorin da aka haɗa da akawun ɗinka, duk wadda ba ka gane ba ka fitar da ita. Lamba shida da ke zuwa ta saƙo kuwa, ko wa ya kira ya nema, kada ka bayar.

6. Kulle sim ɗinka. Wanda ya tsinci layinka zai iya danna *565*0# ya ga BVN ɗinka, ko *346# ya nemi NIN. Sa wa sim ɗin lambar sirri a setin ɗin tsaro na waya. Amma ka nemo lambar PUK da ke jikin katin da ka sayi layin ka ajiye tukuna, domin in ka yi kuskure sau uku sim zai kulle, ita ce za ta buɗe shi.

7. Layin banki ya zama da sunanka. In da NIN ɗin wani aka yi rajistar sa, ran da ya ɓace ba kai za a ba sabo ba. Kada kuma ka jefar da shi a durowa, domin layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani na iya sayar wa wani lambar, alat da OTP ɗinka su koma can.

8. Ranar sallama ranar canza lamba ce. Ko da lafiya aka rabu, ko ɗanka ne ya tafi makaranta. Ka mai da shi doka ga kowa tun ranar ɗaukar aiki, yadda ba wanda zai ji an zarge shi.

9. Ka tanadi magaji. Mutuwa da rashin lafiya ba sa sallama. Mutum ɗaya amintacce ya san bankunan da kake da asusu da inda takardunka suke, don kada haƙƙin iyali da na masu bin ka bashi ya maƙale.

Wani zai ce wannan ai rashin yarda ne da yaran gida. A'a ɗan uwa. Maigidan da ya fi mu riƙon amana, amma bai taɓa ba kowane yaro makullin ɗakin kuɗi ba, kuma ba wanda ya ce ya ci mutuncinsa. Iyaka tana kare mai dukiya, tana kuma wanke yaron kirki ran da lissafi ya ƙi fita.

Fara da na ɗaya da na shida yau kafin ka kwanta, minti goma sun ishe ka. In wani mataki ya ba ka wahala, faɗi irin wayarka da inda ka maƙale, za mu yi bayani dalla-dalla a darasi na gaba in sha Allahu. Ka tura wa ɗan uwanka mai shago ko mai POS. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya dawo mana da zaman lafiya a yankinmu baki ɗaya, amin.